Dala a Goshin Tsoho

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Maris ba, ko da na so mantawar, domin Awudu yana nan da ransa, kuma muddin bakinsa na buɗewa labarin nan ba zai mutu ba. Gara ku ji shi daga bakina kafin ya kawo muku nasa da gishiri da yaji.

A lokacin ina aiki a wani siton kujeru da gadaje a nan Greensboro ta Amurka, can wajen High Point Road. Aikina ɗauka da saukewa. Shekara da shekaru ina ɗaga kabad ɗin da ba zan iya saye ba, har bayana ya fara magana da kansa in na durƙusa. Ni mutumin Maraɗi ne, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba (kada wani ya ce in koma, waɗanda suka gama ɗin ma ga su nan muna ɗaga katifa tare). Amma tuƙi kam na iya shi. Na ja kamiyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi zuwa Kwatano tun kafin wasu su san ina ne birki.

To sai direban motar kai kaya ya bar aiki, aka ce ranar Litinin shef, wato shugabanmu a wurin aiki, zai zaɓi wanda zai hau kujerar. Kujerar nan ita nake mafarki: kana zaune, iska mai sanyi na busa ka, albashi ya ɗara, baya ya huta. An taɓa tsallake ni a kanta an ba wasu yara da ko gemu ba su yi ba. Wannan karon mu biyu ne ke da takardar tuƙin, ni da Awudu, wani ɗan zangon Kumasi, abokina ne kuma ƙayar da ke maƙale mini a wuya.

Shef ɗinmu sunansa Dennis, mutumin Ailan ne, ya zo Amurka tun yana saurayi. Jajir yake kamar an dafa shi, ba ya yawan magana. Ran Juma'a da za a tashi ya ce gobe zai fita da tsohonsa da ya zo daga ƙasarsu, da abokansa biyu, za su zaga mashayu uku irin na mutanensu, su ga wacce ta fi kama da ta gida. Suna neman direban da ba ya sha. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Na ce a raina, ga jarrabawar tuƙi Allah ya kawo har gida.

Awudu ya dube ni ya ce, "Ɗan Nijar, kai da ko gidan rawa ba ka taɓa leƙawa ba, mashaya za ka? Ni ma zan zo."

"Wa ya gayyace ka?"

"Wanda ya gayyace ka. Cale, abokina, ba zan zauna a gida kana can kana shafa wa shef mai a kai ba."

Haka muka tafi mu biyu, kowa na gadin ɗan'uwansa. A gida na ce wa maiɗakina akwai ƙarin aiki a sito (kuma ai aiki ne, Allah ya yafe mana). Na sa rigata mai kyau, na bar hula a gida don kada wani daga cikin mutanenmu ya hango ni daga nesa ya kai labari masallaci.

Da hantsi muka je gidan Dennis. Motar matarsa ya ba ni, doguwa mai kujeru uku a jere, sabuwa fil, ƙamshin kanti bai bar ta ba. Tsohon ya fito da sanda da hular ulu, ɗan guntu, fari fat, gira kamar tsintsiya. Sunansa Malachy, amma harshena ya ƙi, sai na riƙa ce masa Baba. Ya miƙo mini hannu, na ji hannun kamar bawon itace. Aka ce mini masunci ne a can bakin tekunsu.

Yanzu bari in faɗa muku gaskiya. Abin da na sani da sunan mashaya shi ne irin na bayan tasha a gida: benci mai ƙafa uku, ƙuda, warin fitsari, da mutum biyu suna kokawa a kan abin da su kansu sun manta. Shi na shirya gani. Da muka shiga ta farko, a tsakiyar gari, sai na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni.

Katako ne ko'ina, baƙi wuluk yana sheƙi, daga ƙasa har rufi. Ni da nake ɗaukar katako kullum, ban taɓa ganin irinsa ba. Na shafa kantar da hannuna, santsinta kamar goshin jariri, aka ce wai daga ƙasarsu aka yo jigilarta guntu-guntu a jirgin ruwa. Madubai masu rubutun zinariya, tagulla a gefen komai, fitilu masu haske kaɗan kamar na ɗakin amarya. Hayaƙin taba ya taru a sama ya yi rumfa (a lokacin ba a hana shan ta a ciki ba). Ba mai ihu, ba mai zagi. Mutane suna zaune suna hira kamar a zauren mai unguwa.

Sai zuba giyar tasu. Baƙa ce kamar ruwan tawada, kuma ba a zuba ta gaba ɗaya. Mai sayarwa zai cika kofi ya kusa baki, ya ajiye, ya tafi harkarsa. Kai kuma da ka biya kana zaune kana kallo, abin cikin kofin yana ta saukowa a hankali kamar hadari na haɗuwa, har sai baƙin ya koma ƙasa, farin kumfa ya hau sama. Sannan ya dawo ya ƙarasa. Manyan mutane huɗu suka zuba wa kofuna ido. Na ce wa Awudu a hankali, "Ka ga haram da aka yi wa tarbiyya."

"Yi istigfari, ɗan Nijar."

"Na yi. Amma dubi ladabin."

Mu lemun kwalba aka kawo mana da soyayyen kifi da dankali. Kifin nan, jama'a. Ɓawon na ƙaras-ƙaras, cikin fari sol yana tururi, ba ƙaya ko ɗaya. Na ci nawa na fara duban na Awudu.

Da za a tashi sai Dennis ya ce a ba da maki. Kowa zai ɗaga yatsu, goma ne ƙarshe. Ni na watsa hannu biyu gaba ɗaya, har ina neman ƙarin yatsa. Tsoho ya ɗaga huɗu kacal. Ya ce yaron da ke sayarwa ya yi gaggawar ƙarasa zubin, kuma katakon ya cika sheƙi, mashayar kirki sai ta sha gwiwar hannun mutane shekaru kafin ta yi kyau. Suka yi mini dariya, Dennis ma ya murmusa. Na ce a raina, shef ya yi murmushi, an fara da kyau.

Tuƙin da na yi musu kuwa, ko gwamna iyakar abin da zai samu ke nan. Ba girgiza, ba birkin gaggawa, kowace kwana da siginarta. Ina lura da Dennis ta gefen ido yana gyaɗa kai. Awudu a can kujerar baya sai hararar ƙeyata yake yi kamar wanda aka ci bashinsa.

Ta biyu tana kan babban titi, tsakanin wurin sayar da motoci da wani kantin kayan abinci. Can kam hayaniya ce. Talabijin a kowane bango, 'yan jami'a sun shafa koren fenti a fuska, har giyar ma an rina ta kore. Tsoho ya leƙa kofin wani yaro ya kawar da kai kamar ya ga mushe. Amma ana cikin haka wani ƙato ya shigo sanye da zane iya gwiwa, yana busa wata algaita mai jaka a hammata. Algaita ce sak, sai dai ita ba ta tsayawa numfashi. Sautin ya cika ɗakin har na ji shi a haƙorana. Na sake baki. Da aka zo maki zuciyata na cewa takwas, amma na saci kallon tsoho na ga yatsu biyu, sai na ɗaga uku. Tsoho ya ce ɗaya daga cikin biyun nasa ma na banɗaki ne, don yana da tsabta.

Awudu ya ce, "Yanzu kai ma ka zama gwanin mashaya ke nan."

"Mai ido ne ni."

"Mai neman kujera dai."

Ta uku ita ce ta kashe ni. 'Yar ƙarama ce a gefen Glenwood, in ba an nuna maka ba sai ka ɗauka gidan wata tsohuwa ne. Ciki ba talabijin, ba fenti, kujerun ma kowace da irin tata. Murhu na ci a gefe. A lungu mutum biyar sun kewaye tebur guda suna kiɗa: mai goge irin nasu, mai sarewa, wata mata da ƙaramin akwati da take ja tana matsewa, da wani mai ganga shafaffiya kamar faifai. Abin da ya ɗaure mini kai, ba su fuskanci jama'a ba. Junansu suke kallo. Ɗaya zai fara, sauran su bi shi kamar sun haɗa baki tun daga ciki, kiɗan na gudu yana juyawa kamar ruwa a kwazazzabo. Ƙafata ta fara buga ƙasa ba da izinina ba.

Na duba ko'ina, ba maroƙi, ba mai kirari, ba faranti a gabansu. Suka gama kiɗa guda, aka tafa, shi ke nan. Ko sisi ba wanda ya miƙa. Raina ya ɓaci. Na ce wa Awudu, "Mutanen nan sun iya katako, sun iya kifi, amma ba su san darajar makaɗi ba. A Maraɗi da yanzu matar nan ba a ganin fuskarta don kuɗi."

"Ba Maraɗi kake ba."

La'asar ta yi, na fita na yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa kwali a bayan mota na yi sallata. Awudu ya ce shi sai ya koma gida (ku riƙe wannan, duk sanda ya zo yana muku wa'azi). Ban daɗe ba, amma da na dawo na tarar ɗakin ya canza. Makaɗa sun ajiye kayansu a cinya. Mai sayarwa ya daina wanke kofi. Wata mata na share ido. Na ɗauka gajiya ce da abin da suka sha. Kujera ɗaya ce ta rage, dab da tsoho, na zauna.

Tsoho ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya rufe ido. Ya fara waƙa.

Ba kiɗa, ba tafi, muryarsa kaɗai. Kuma ba Turanci ba ne, harshensu ne na can, ban ji ko kalma ɗaya ba. Muryar ba ta da daɗi irin na rediyo, tsohuwa ce, tana rawa, tana fita ta hanci. Amma yadda yake jan kalma ɗaya ya lanƙwasa ta, ya hau da ita ya sauko, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Na taɓa jin irin wannan jan murya wurin Buzaye da dare ya yi musu a hanya, da wurin kakata in tana niƙa ita kaɗai tana zaton ba mai jin ta. Ban san akwai Bature mai irin wannan a ƙirjinsa ba.

Yana cikin waƙar, ido a rufe, sai ya miƙo hannu ya lalubo nawa ya riƙe. Ya fara juya hannayenmu a hankali, zagaye-zagaye, kamar muna niƙa a dutse guda. Daga baya na ji wai al'adarsu ce, mai irin wannan waƙa yakan riƙe hannun na kusa da shi don ya taya shi ɗaukar nauyinta. Ni a lokacin abin da na sani kawai, duk cikin ɗakin nan ni ya zaɓa. Ni mai ɗaukar katifa. Na tuna rabona da gida, na tuna mutanen da suka mutu ban je ba, hawaye suka zubo mini a gaban Turawa, ban ko damu ba.

Sai zuciyar Bamaraɗe ta motsa. Na ce wallahi yau za a ga yadda ake girmama mawaƙi. Tsohon nan ba zai yi wannan waƙa a banza ba, kuma shef zai ga irin mutumin da nake. Na zare hannuna daga nasa, na miƙe, na zaro 'yan dalolin da ke aljihuna. Na ji Awudu na jan rigata ta baya yana cewa, "Zauna, zauna don Allah." Na ce hassada ce, na fizge.

Na tsaya a gaban tsoho, na ɗaga murya da Hausa: "Gaishe ka zakin teku, na gaban goshin mawaƙa, Allah ya ja kwana!" Na manna masa dala a goshi.

Goshin da ɗan gumi saboda murhu, sai ta zauna daram, ta rufe masa gira ɗaya. Na ƙara ta biyu, ta zame ta faɗa cinyarsa. Ta uku ta sauka cikin kofinsa tana iyo a kan kumfa. Na juya ina duban jama'a da fara'a, ina jiran wani ya taso ya bi bayana kamar yadda ake yi.

Ba wanda ya motsa. Matar mai akwatin kiɗa ta rufe baki da hannu. Dennis, da ma ja ne, ya koma launin da ban san sunansa ba.

Tsohon kuwa bai tsaya ba. Wannan shi ne abin da har yau nake mamaki. Bai buɗe ido ba, bai taɓa goshinsa ba. Hannunsa da na saki yana nan a iska yana ci gaba da juyawa shi kaɗai, ya ja waƙarsa har ƙarshe da dala a fuska, muryar ba ta ko karkace ba. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar ɗaki kamar turken da aka manta, na rasa ta zama na rasa ta fita.

Da ya gama ba a tafa ba. Awudu ya jawo ni ƙasa ya sa baki a kunnena. "Kana waje Dennis ya yi bayani. Matar tsohon ce ta rasu, uwar Dennis, ko wata biyu ba a yi ba. Shi ya sa ya ɗauko shi daga can. Waƙar makokinta ce. Ɗan Nijar, liƙi ka yi a zaman makoki."

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na ja ta na kulle. Na yi wa uwar shef ɗina liƙi a ta'aziyyarta, har da kirari.

Tsoho ya buɗe ido, ya ɓanɓaro dalar daga goshi, ya juya ta gaba da baya, ya tsamo ta cikin kofin ya yarfe. Ya tambaya me wannan ke nufi. Turancina ya gudu ya bar ni, sai Awudu ne ya yi bayani (wannan kam na yaba masa, bai ƙara ba bai rage ba). Ya ce a wurinmu in waƙa ta ratsa mutum, haka yake nuna wa mawaƙi, kuma wannan bawan Allah bai ji sanarwar ba, yana waje yana salla.

Tsoho ya daɗe yana dubana ta ƙarƙashin girar nan. Sannan ya ce, "Tun muna yara nake yi wa matata Nora waƙa. Ita biyana take yi in yi shiru. Kai ne na farko da ya biya ni don na yi."

Ɗakin ya fashe da dariya, irin wadda ke fita tare da hawaye. Ya ninke kuɗin ya sa a aljihun ƙirji, ya sake kama hannuna ya girgiza. Mutum ke nan. Ni da na je kallon mashaya sai ga shi na ga dattako. Aka ba da maki, tsoho ya ɗaga tara. Ni ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ɗaga ba.

Dennis dai bai yi dariya ba. Muka fito ana shirin magariba, ya zauna a gaba kusa da ni. Kaina na ta maimaita kirarin nan kamar kaset ya maƙale. Na tayar da mota na sa ribas. Maimakon in duba baya, sai na kafa ido a madubi ina kallon goshin tsoho, wai in ga ko dalar ta bar shaida. Sai ji na yi ƙuuu. Na haɗa bayan sabuwar motar matar shef da ƙaton kwandon shara na ƙarfe, wanda ko makaho zai ji warinsa ya kauce. Fitila ta tarwatse, ƙofar baya ta lotsa.

Mutumin da ya ja kamiyo har Kwatano.

Dennis ya fita ya duba, ya dawo ya tsaya ta tagata. A hankali ya ce, "Ba Awudu makulli."

Na koma kujerar baya kusa da tsoho. Shi ne ma ya riƙa dafa kafaɗata yana cewa ƙarfe ne kawai, ana gyarawa. Awudu ya ja mu har gida, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ina ganin kunnuwansa na motsi don dariyar da yake dannewa.

Ranar Litinin ba sai na gaya muku wanda ya hau kujerar ba. In ya shigo da motar sito yakan sauke gilashi ya ce, "Zakin teku, a loda mini da sauri." Ni kuma in loda, me zan ce.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. In ka shiga wuri ka tarar kowa ya yi tsit, to akwai abin da suka ji kai ba ka ji ba. Ka zauna, ka tambayi na kusa da kai, ko da kuwa maƙiyinka ne. Kuma in mutum ya riƙe hannunka, ka bar masa shi, kada ka kai shi aljihu.